Ta Hannun Wa? Tarihin Juya Wasiƙa a Abuja

A ranar 3 ga Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta fitar da Doka ta 6, wadda ta yanki fili a tsakiyar Najeriya ta ce nan za a gina sabon babban birni. Fili dai an samu, amma suna sai da aka karɓo daga hannun masu shi. Akwai garin Abuja tun tuni, masarautar da Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarakunan Zazzau na Haɓe sun gangaro kudu saboda jihadi. Aka ɗauke sunan aka liƙa wa ƙasar Gbagyi da Gwandara da maƙwabtansu, inda ko tubali ɗaya na sabon birnin ba a aza ba. Shi kuwa tsohon garin aka raɗa masa Suleja, daga sunan sarkinsa Sulaimanu Barau. Daga nan ambulan ɗin da aka rubuta wa "Abuja" ya daina nufin inda yake nufi jiya, kuma sai wani a gidan waya ya san da haka kafin wasiƙar ta isa hannun mai ita.

Aikin wannan mutumin bai ƙare ba har yau, domin Abuja birnin ma'aikata ne. Kujera tana nan daram, mai zama a kanta ne ke canjawa. Yau an yi wa darakta canjin wurin aiki, gobe an haɗe ma'aikatu biyu, jibi an raba su, wasiƙa kuwa ba ta fasa zuwa. Tilas a sami jerin da zai ce: abin da aka aiko wa wannan suna, a miƙa wa wancan mutum. A zamanin takarda jerin yana cikin littafin rajista. Da imel ya shigo, ya koma ɗan fayil a cikin kwamfuta, daga baya ya koma rumbun bayanai. Masu kula da na'urorin imel sun shekara da shekaru suna musu kan wanda ya fi tsakanin fayil da rumbu, amma ƙasan musun akwai tsohuwar magana: wa ke da ikon rubuta suna a jerin, wa kuma zai tuna ya soke shi.

Ƙofa, akwati da rajista

Ƙasar Hausa ta san wannan tsari tun kafin zuwan Turawa. A daular Sakkwato, sarkin yanka ba ya aika takarda kai tsaye ta faɗa hannun Sarkin Musulmi. Kowace masarauta tana da ƙofarta, wato babban bafaden da al'amuranta ke bi ta hannunsa. Waziri ne ƙofar Kano da Zazzau. Manzo ya iso da takarda, gidan Waziri zai sauka, a karanta, a san inda za a kai maganar, a kuma rubuta amsa. Tarin wasiƙun gidan Waziri na daga cikin abin da Murray Last ya dogara da shi wajen rubuta littafinsa kan daular, wanda ya fito a 1967. Jerin wa ke karɓar na wa bai buƙaci allo ba, yana cikin kawunan fadawa, kuma ana gadonsa kamar sarauta.

Gidan waya irin na Turawa ya fara a Legas a 1852, ya iso Lokoja a 1899 ta hannun kamfanin Royal Niger. Ya zo da wata matsala da har gobe ba a gama da ita ba: yawancin gidajen garuruwanmu ba su da lamba, layukan ba su da suna. Mafita ita ce akwatin gidan waya ga mai hali, da jakar gidan waya ga ma'aikatu da makarantu. Talaka kuwa sai ya raɓa. Ya rubuta sunansa, a ƙasa ya sa "ta hannun" wane: hedimasta, ko malamin asibiti, ko mai kanti, ko limamin unguwa. Duk wanda ya saurari zaɓi-sonka a rediyon Kaduna a shekarun baya ya sha jin irin waɗannan adireshi. Akwati ɗaya yakan ɗauki wasiƙun unguwa guda, mai akwatin ne ya san wanda ya tashi, da wanda ta yi aure ta koma wani gari, da wanda ya rasu sai a kai wa magadansa.

A cikin gwamnati abin ya fi haka tsari. Wasiƙar hukuma ba sunan mutum ake sa mata ba, muƙami ake sawa: Babban Sakatare, Ma'aikatar kaza. A ƙasa a ƙara cewa darakta kaza ne ya kamata ya duba. Wasiƙar ta sauka a rajista, ta buɗe ko ta sirri, a buga mata hatimin ranar da ta iso, a shigar da ita littafi, a sa ta a fayil, masinja ya ɗauka ya kai tebur, a sa masa hannu a littafin kai saƙo. Ƙaramin ma'aikaci ma idan zai rubuta wa na sama, sai takardar ta bi ta hannun shugabansa.

Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja, mulki ya bar Legas. Ma'aikatu ba su taso rana ɗaya ba. Wasu sun riga shi, suka matsu a tsohuwar sakatariya ta Area 1 da ke Garki, wasu suka biyo baya, da yawa kuma suka bar ofishin tuntuɓa a Legas. Hukumar NIPOST, wadda aka ciro daga tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tarho (P&T) a 1985 aka bar wa NITEL harkar tarho, ita ce ta riƙa jigilar buhunan wasiƙu zuwa babban gidan waya na Area 10. Tsawon shekaru, wasiƙa ɗaya takan sauka Legas a sake mata adireshi a turo ta Abuja, ko ta sauka Abuja a tarar fayil ɗinta yana Legas.

Fayil mai layi-layi

A kusan shekarun da ake share filin Abuja, can a Amurka wasu na warware irin wannan matsala a cikin na'ura. Ray Tomlinson ya aika imel na farko tsakanin kwamfutoci biyu a 1971, shi ne kuma ya zaɓi alamar @ don raba sunan mutum da sunan na'ura. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wani ɗalibi mai suna Eric Allman ya rubuta manhajar delivermail a 1979, ya faɗaɗa ta ta zama sendmail, wadda ta fito a 1983 ta kuma daɗe tana ɗauke da kaso mafi tsoka na wasiƙun intanet. A cikinta akwai wani fayil da ake kira aliases, wato fayil ɗin laƙabi, wanda har yau yake zaune a /etc/aliases a kan dubban na'urori.

Idan aka buɗe shi ba a ganin komai sai rubutu zalla, layi bayan layi:

postmaster: root
rajista: wane, wance
darakta: wane

Hagu da ɗigo biyu laƙabi ne, adireshin da duniya ta sani. Dama da su kuma mai karɓa ne na gaskiya. Wasiƙar da aka aiko wa rajista za ta shiga akwatin wane da na wance lokaci guda. Idan an sauya darakta, a goge suna ɗaya a rubuta wani, masu aiko da wasiƙa ba su ma san an yi ba. Layin farko kuwa wajibi ne: ƙa'idar RFC 822 ta 1982 ta ce duk wurin da ke karɓar imel dole ya kasance da adireshin postmaster, inda za a kai kuka idan wani abu ya lalace. A 1997 wata ƙa'idar, RFC 2142, ta jera sauran adireshin muƙami irin su info da abuse da webmaster. Kowane mai akwati kuma an ba shi damar ajiye ɗan fayil nasa mai suna .forward, ya rubuta inda yake so a juya masa wasiƙunsa idan ya tafi wani wuri.

Tun a farkon nan rumbun bayanai ya leƙo. Karanta fayil daga sama har ƙasa duk lokacin da wasiƙa ta iso aiki ne mai cin lokaci, musamman ga kwamfutocin wancan zamani. Saboda haka sendmail ba ta karanta rubutun kai tsaye. Mai kula da na'ura yakan gyara fayil ɗin, sannan ya buga umarnin newaliases, wanda ke juya rubutun zuwa wani ƙaramin kundi mai saurin bincike, da farko irin dbm da Ken Thompson ya rubuta a 1979, daga baya Berkeley DB. Nan ne kuskuren da kusan kowane sabon shiga ya taɓa yi yake: ya gyara layi, ya adana, ya tashi ya tafi sallah, ya manta da newaliases. Rubutu ya ce sabon darakta, kundi yana cewa tsohon, wasiƙu kuma kundi suke bi.

Imel ya iso gida

Najeriya ta shiga wannan duniya ta ƙaramar ƙofa. A tsakiyar shekarun 1990, Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas ta zama cibiyar wani shirin UNESCO mai suna RINAF, wanda Italiya ta tallafa wa. Wasiƙu kan taru a kwamfuta, sai lokaci ya yi ta buga waya ta layin NITEL, ta sauke nata ta ɗauko na wasu. Sunan yankin ƙasar, .ng, an yi masa rajista a 1995, Misis Ibukun Odusote ta Yaba ce jami'ar gudanarwa, amma na'urar da ke riƙe da jerin tana birnin Pisa na Italiya. Daga baya wani Ba'amurke, Randy Bush, ya riƙe ɓangaren fasahar na tsawon shekaru. An kafa hukumar NITDA a Abuja a 2001, ƙungiyar NiRA ta biyo baya a 2005, kuma sai a 2009 aka miƙa wa NiRA ragamar .ng a hukumance.

Kafin duk wannan ya daidaita, jama'a sun riga sun yi gaba. Hotmail ya fito a 1996, Yahoo Mail a 1997, Gmail a 2004, shagunan intanet suka cika Wuse da Garki. Ma'aikaci ya biya kuɗin awa ɗaya ya buɗe adireshi da sunansa da shekarar haihuwarsa, kuma wannan adireshin ne ya hau katinsa na aiki, wani lokaci har kan takardar ofis mai tambarin gwamnati. Ya yi ritaya ya tafi da shi, da duk abin da ke ciki. Abin da rajista ta hana faruwa a zamanin takarda, imel na kyauta ya dawo da shi ta bayan gida.

Ofisoshin da suka kafa tasu na'urar, a jami'o'i da ƙungiyoyi da wasu hukumomi, fayil ɗin layi-layi ya yi musu daidai. Masu akwati ba su da yawa, mai kula da na'ura ya san kowa da fuska. Ga kuma matsalar wuta. NEPA ta ɗauke, batir ya ƙare, kafin a tayar da janareta na'ura ta mutu. Idan ta farfaɗo, fayil ɗin yana nan a kan faifanta, ba ya jiran kowa. Shi kansa tsarin imel an gina shi da haƙuri: na'urar da ta kasa isar da wasiƙa takan ajiye ta ta riƙa sake gwadawa, galibi har kwana biyar, kafin ta mayar wa mai ita.

A 2007 Abuja ta karɓi baƙuncin taron AfNOG, ƙungiyar masu gudanar da hanyoyin intanet na Afirka, wadda ta fara zamanta a Cape Town a 2000 ta kuma riƙa zagaya birane irin su Accra da Lome da Kampala da Dakar. Kafin babban taro akan yi bita ta kwanaki, kowane ɗalibi a gaban kwamfuta mai FreeBSD, ana koya masa kafa na'urar sunaye da ta imel da hannunsa. Manhajar Exim, wadda Philip Hazel ya rubuta a Jami'ar Cambridge a 1995, na cikin abin da aka daɗe ana koyarwa a bitocin. Ɗaya daga cikin azuzuwan an keɓe shi ne ga tambayar da ta fara damun kowa: yaya za a yi idan masu akwati sun tashi daga hamsin sun koma dubu hamsin?

Rumbu da abin da ya kawo

Intanet ta taɓa shan wannan darasi. Har farkon shekarun 1980, sunayen duk kwamfutocin da ke kan hanyar suna cikin fayil ɗaya tak mai suna HOSTS.TXT, wanda ofishin Elizabeth Feinler ke gyarawa a cibiyar SRI da ke Kalifoniya, kowa ya zo ya kwafa. Da na'urori suka yi yawa abin ya gagara, Paul Mockapetris ya fito da tsarin DNS a 1983, aka rarraba wa kowa nasa yanki ya kula da shi. Laƙabin imel ma hanyar da ya bi ke nan. Tsare-tsaren rumbu suka ɓullo: LDAP ya fito daga Jami'ar Michigan a 1993, MySQL a 1995. A Disambar 1998 Wietse Venema na kamfanin IBM ya saki manhajar da aka sani da Postfix, wadda ba ruwanta da inda jerin yake: ko fayil, ko LDAP, ko MySQL, ko PostgreSQL, ita dai tambaya take yi a ba ta amsa. Microsoft kuwa ta ɗaure manhajarta ta imel, Exchange, da kundinta na Active Directory tun daga 2000.

A rumbu, laƙabi ba layi ba ne kawai, jere ne mai gurabe. Ga gurbin adireshin da duniya ta sani, ga na mai karɓa, ga na ranar da aka buɗe, ga na ranar da zai ƙare, ga na wanda ya ba da izini. Ana iya tambayar rumbun abin da fayil ba zai amsa cikin sauƙi ba: duk laƙabin da ke zuwa wurin wane, nawa ne? Waɗanne ne ke juya wasiƙa zuwa wajen ma'aikata? Mafi girman amfaninsa shi ne raba iko. Fayil ɗin /etc/aliases sai mai mabuɗin na'urar gaba ɗaya ke iya taɓa shi, don haka ma'aikata duka tana rataye a wuyan mutum ɗaya. Ya tafi hutu ko aikin Hajji, komai ya tsaya. Da rumbu kuwa ana iya ba jami'in kowane sashe damar gyara nasa ɓangare kawai, ta wani shafi mai sauƙi, ba tare da ya ga na wasu ba.

A ɗauki ranar da takardar canjin wuraren aiki ta fito daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, daraktoci da dama sun motsa lokaci guda. Mai fayil zai zauna da takardar a gefe, yana neman suna yana gogewa yana rubutawa. Waƙafi ɗaya ya ɓace, ko harafi ya juye, wasiƙun sashe guda su ɓata hanya. Ya kuma yiwu ya juya na wane zuwa wance alhali wance ta riga ta juya nata zuwa wane, sai wasiƙa ta kama kai-komo tsakaninsu. Don irin haka ne Postfix ke ƙirga zangon da wasiƙa ta yi, ya kai hamsin ta yanke ta. Mai rumbu kuwa, idan rumbun na haɗe da bayanan ma'aikata, gurbi ɗaya zai canja, adireshin muƙami ya bi sabon mai kujera.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Rumbu wata na'ura ce ta daban, tana buƙatar wuta da waya da mai kula da ita. Idan ta kwanta, na'urar imel ba ta san kowa ba. In an yi sa'a za ta ba da amsa mai lamba 451, wato a dawo an jima, wasiƙu su yi ta taruwa a layi. In kuwa an yi kuskure wajen rubuta tambayar har rumbu ya amsa da cewa babu kowa, sai ta ba da 550, wato babu mai wannan suna a nan, ta mayar da wasiƙun ma'aikata duka ga masu su. Kuskuren fayil yakan tsaya a layi ɗaya, na rumbu yakan kwashe gida. Ga kuma nauyin tambaya: masu aiko da tarkacen saƙonni kan jefo dubban sunayen ƙarya a minti, kowane sai an je rumbu an duba.

Shi ya sa ƙwararru da yawa suka tsaya a tsakiya. Gaskiyar jerin tana cikin rumbu, inda ake gyara da sa ido, amma kowane 'yan mintoci wata ƙaramar manhaja takan zazzage shi ta rubuta fayil a kan na'urar imel ɗin kanta. Rumbu ya faɗi, wasiƙa na ci gaba da tafiya da jerin ƙarshe da aka sani. Hatta ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin da ke hayar wuri mai cPanel, suna danna maɓalli suna ganin kamar wani gagarumin rumbu suke taɓawa, alhali layi ɗaya ake ƙarawa a wani fayil cikin /etc/valiases, Exim ta karanta.

Ma'aikatu masu canja suna

Gwamnatin tarayya ta ga cewa kowace ma'aikata na sayen nata kwano na tauraron ɗan'adam da nata na'urori, sai ta kafa kamfanin Galaxy Backbone a 2006 don ya haɗa su a kan hanya ɗaya, imel na cikin abin da aka ɗora masa. NITDA kuma ke kula da rabon sunaye a ƙarƙashin .gov.ng. Aikin da ke gabansu ba ƙarami ba ne, domin a Abuja ba mutane kaɗai ke motsi ba, har ma'aikatun. A 2015 Shugaba Buhari ya haɗe Wutar Lantarki da Ayyuka da Gidaje ya ba Babatunde Fashola. A 2019 aka cire Wutar Lantarki, a 2023 Shugaba Tinubu ya raba Ayyuka da Gidaje. Ita kanta ma'aikatar da ke kula da harkar sadarwa, an kafa ta a 2011 da sunan Fasahar Sadarwa ƙarƙashin Omobola Johnson, ta zama Sadarwa da Tattalin Arzikin Dijital a 2019 lokacin Isa Ali Pantami, aka ƙara mata Ƙirƙira a 2023 da zuwan Bosun Tijani. Kowane canji na barin tsofaffin adireshi a katuna da takardu da littattafan ofisoshin jakadanci, kuma dole wani ya ci gaba da juya su zuwa sababbi.

Rubuta sabon laƙabi abu ne mai sauƙi, don mai buƙata yana tsaye a kanka. Soke tsoho ne ba mai matsa wa kowa. Jeri yakan cika da sunayen kwamitin da aka rushe, da shirin da kuɗinsa ya ƙare, da jami'in da ya yi ritaya amma har yanzu kwafin wasiƙun ofis na sauka a akwatinsa na gida. Su ne ma'aikatan bogi na duniyar imel, kuma maganinsu iri ɗaya ne da wanda gwamnati ta nema wa albashi da ta fara IPPIS a 2007: jeri ɗaya na ma'aikata, wanda sauran jerin duka za su sha daga gare shi.

Doka ma ta ƙara wa maganar nauyi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar ɗan ƙasa. Idan buƙatar ta shiga adireshin info da ke juyawa zuwa akwatin wanda ya bar aiki bara, hukumar ba za ta ma san an tambaye ta ba. A Fabrairun 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar da ta wajabta wa ma'aikatu amfani da adireshin .gov.ng maimakon Yahoo da Gmail. A Yunin 2023 aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa juya wasiƙa mai ɗauke da bayanan mutane zuwa akwatin kashin kai ya zama abin da hukuma za ta iya amsa tambaya a kansa.

Daga waje ma ƙofar juyawar tana ƙara tsukewa. Don yaƙi da wasiƙun damfara aka fito da SPF, wanda aka wallafa ƙa'idarsa a 2006: kowane yanki yana bayyana na'urorin da aka yarda su aika wasiƙa da sunansa. To, banki ya aiko wa darakta wasiƙa, na'urar ma'aikata ta juya ta zuwa Gmail ɗinsa. Gmail ya duba ya ga wasiƙa da sunan banki amma daga na'urar ma'aikata, wadda ba ta cikin jerin bankin. Sai dai in hatimin DKIM na bankin ya iso lafiya ba a taɓa shi ba, ko an sake rubuta adireshin ambulan da dabarar SRS, in ba haka ba wasiƙar na iya faɗawa kwandon shara ko a ƙi karɓarta. A Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka ƙara tsananta sharuɗɗansu. Layi ɗaya da ya wadatar a 1990 yanzu yana buƙatar gyara a wurare uku.

Didi Esther Walson-Jack, wadda ta kama aiki a matsayin Shugabar Ma'aikatan Tarayya a Agustan 2024, ta tura shirin GovMail don kowane ma'aikaci ya sami adireshin hukuma, ta kuma sa wa ma'aikatu wa'adin ƙarshen 2025 su rabu da takarda. A wannan mataki ba wanda zai riƙe jerin ma'aikatan tarayya a fayil ɗaya yana gyarawa da hannu, rumbu ya riga ya ci wannan zagaye. Abin da rumbun bai iya ba shi ne sanin abin da ba a gaya masa ba. Sanarwar canjin aiki takan riga isa wayoyin ma'aikata ta WhatsApp kafin ta isa sashen kwamfuta, kuma tsakanin ranar da tsohon darakta ya miƙa mabuɗi da ranar da sashen kula da ma'aikata ya aiko da sanarwa a rubuce, wasiƙun ofishinsa suna ci gaba da bin sa zuwa sabuwar ma'aikatarsa.